Gidan burodin Weyerbusch da bashin a-ci-ba-daɗi

Hotunan da ƴan uwanmu mazauna Jamus ke turo mana ta WhatsApp kusan duk iri ɗaya ne. Saurayi cikin rigar sanyi mai kumburi, bayansa dogon bene ko tashar jirgin ƙasa, wani lokacin ma ya jingina da motar da ba tasa ba. Ban taɓa ganin wanda ya turo hoton gona ba, balle na saniya. Shi ya sa da na samu kwana goma a birnin Kolon wajen ɗan yayata, bayan ya gama zagayawa da ni babbar majami'ar garin da titunan kantuna, na ce masa ina son ya kai ni ƙauye.

Ya dube ni kamar na ce ya raka ni makabarta. Ya ce, "Kawu, me za ka gani a ƙauye? Ni na zauna, na sani. Kurkuku ne da aka yi wa ado da furanni."

Yana da dalilinsa. A Jamus mai neman mafaka ba shi ke zaɓen inda zai zauna ba. Hukuma ce ke raba baƙi tsakanin jihohi 16 na ƙasar bisa lissafin harajin kowace jiha da yawan jama'arta, jiha kuma ta rarraba su zuwa garuruwa da ƙauyuka. Yaron da ya ratsa Agadas da Libiya yana mafarkin Berlin yana iya wayar gari a ƙauyen da motar bas ta ƙarshe ke barinsa kafin magariba. Haka ta faru da ɗan yayata, shekara biyu cur, ba aiki, ba harshe, ba mai kiransa da sunansa. Duk mai shirin tafiya ya kamata ya san wannan tun yana gida, domin masu turo hoto ba sa faɗa.

Ni kuwa akwai ƙauyen da nake nufi. A ƙananan garuruwan da ke kewaye da Kolon na yi ta ganin wani suna a jikin bankuna da shagunan kayan noma: Raiffeisen. Da na tambaya sai aka ce mini sunan wani magajin garin ƙauye ne da ya mutu tun 1888. Abin ya tsaya mini a rai. Mu a wajenmu magajin gari idan ya sauka, ko a jikin famfon da ya gina sunansa ba ya daɗewa. Aka ce garin da ya fara aiki sunansa Weyerbusch, a yankin tuddai na Westerwald, jihar Rhineland-Palatinate, kuma ana iya zuwa a dawo a yini ɗaya.

Ranar Lahadi muka tafi. Jirgin ƙasa ya bi da mu gefen kogin Sieg har wata ƙaramar tasha da ake kira Au, muka sauya wani zuwa Altenkirchen, daga nan muka jira bas, domin Weyerbusch ba shi da tashar jirgi. Ta taga sai dazuzzuka da makiyaya, shanu a cikin shinge ba makiyayi, ga iska mai shiga ƙashi.

Garin bai kai mutum dubu biyu ba. Abin da ya fara tarbata shi ne shiru. Doka ta hana buɗe kantuna ranar Lahadi, amma ba rufe kantuna kawai ba ne. Babu mai shayi, babu benci a ƙofar gida, babu yaro da zai biyo baƙo yana kallo, babu mai cewa sannu da zuwa, daga ina? Motoci na wucewa a babban titin da ya ratsa garin, gilasai a rufe. Na yi minti ashirin ina tafiya kafin wani ya ɗaga mini kai. A nan na gane abin da yaron nan ya sha, na kuma daina ganin laifinsa.

Amma idon da ya saba da ƙauyukanmu yana ganin wani abu kuma. Kowane gida da ruwa da wuta. Akwai makaranta, akwai wuraren sana'a, kwalta ta kai har bakin gonaki. Mutumin da ke zaune a nan yana iya yin zamansa har tsufa ba tare da ya ji an yanke masa hukunci ba. Mu kuwa kalmar baƙauye zagi ce, kuma yaron da ya kai shekara ashirin bai bar ƙauye ba ana yi masa kallon wanda ya kasa.

A gefen tsohon gidan magajin gari muka samu abin da ya kawo ni: wani ɗan ƙaramin gini na gashin burodi. Ba ainihin na farkon ba ne, sake gina shi aka yi don tunawa. A rufe yake, muka tsaya daga waje. Ko rabin girman shagon dillalin hatsi a kasuwar Maraɗi bai kai ba.

A 1845 aka naɗa Friedrich Wilhelm Raiffeisen magajin garin Weyerbusch da ƙauyukan da ke ƙarƙashinsa, yana ɗan shekara 26. Aikin soja ya fara, ciwon ido ya fitar da shi. Yankin a lokacin yana hannun masarautar Prusiya, kuma talakawa ne tilis: ƙasa mai duwatsu, gonaki da rabon gado ya yayyanka ƙanana, hanya ba kyau. Sai cuta ta faɗa wa dankalin Turawa, wanda shi ne cimar talaka, sauran amfanin gona ma bai yi ba. Sanyin 1846 zuwa 1847 ya zo wa mutane da yunwa. Gwamnati ta aiko da garin burodi, da sharaɗin a sayar kuɗi hannu. To wanda ke da kuɗi hannu ai ba shi yunwa ke ci ba. Raiffeisen ya saɓa umarnin, ya raba wa talakawa bashi a rubuce, su biya idan sun samu. Sannan ya tara masu hali na yankin suka kafa ƙungiyar burodi, suka zuba kuɗi aka sayo ƙarin gari, aka gina wurin gashi, ana sayar da burodi cikin rahusa. Da lokacin shuka ya zo suka sayo irin dankali suka ba manoma bashi.

Da a nan labarin ya tsaya, da ban ɓata lokacin mai karatu ba. Mutanen kirki masu raba abinci lokacin yunwa muna da su, wasu ma sun fi shi. Abin da ya biyo baya shi ne abin dubawa.

A 1848 aka mayar da shi Flammersfeld, wani ƙauye a kusa. A can ya tarar da abin da ke cin manoma ko a shekarar da damina ta yi kyau: bashi. Mai kuɗi ya ba manomi saniya bashi da ruwa mai nauyi, idan ya kasa biya a karɓe saniyar, daga baya a karɓe gonar. A 1849 ya sa masu hali kimanin 60 suka tsaya wa ƙananan manoma don su sayi dabba ba tare da sun faɗa hannun masu cin ruwa ba. Ya kuma dage a kan gina hanya daga tuddan zuwa bakin kogin Rhine, don manomi ya kai kayansa kasuwa da kansa. A 1852 ya koma Heddesdorf, wanda yau unguwa ce a garin Neuwied, ya sake kafa ƙungiyar taimako irin wannan. Sai ya ga abin da duk mai harkar taimako ya sani: masu bayarwa suna gajiya. Shekara ta farko da zafi, ta biyar a fara ba da uzuri, ta goma a daina zuwa taro. A 1864 ya juya tsarin gaba ɗaya. Asusun ya zama na masu karɓar bashin ne da kansu. Wanda ke son bashi sai ya zama ɗan ƙungiya, ya ɗauki nauyin bashin ƴan uwansa kamar yadda suka ɗauki nasa.

Ƙa'idojin da ya kafa ba su da yawa. Asusu kada ya wuce yankin da kowa ya san kowa, ta yadda ba a buƙatar takarda kafin a san wane mashayi ne, wane kuma mai biyan bashi ne. Shugabanni ba su da albashi, sai mai riƙe littafin kuɗi kawai. Riba ba a raba ta, a asusu take taruwa ta zama dukiyar gari. Idan asusun ya faɗi kuwa, kowa da dukiyarsa zai biya, saboda haka kowa ido ne a kan kowa.

(Mutumin ba waliyyi ba ne. A cikin rubuce-rubucensa akwai maganganun ƙyamar Yahudawa irin na zamaninsa, kuma Jamusawan yau ba sa ɓoye wannan idan suna ba da tarihinsa.)

Ina tsaye gaban ɗan ginin nan, ɗan yayata na fassara mini abin da aka rubuta, ni kuwa hankalina ya koma gida. Wane ne a cikinmu bai san watan Agusta a karkara ba? Rumbu ya ƙare, hatsi bai nuna ba, maigida ya je wajen mai kuɗi ya karɓo bashin nan da sunansa ma ya isa bayani, a-ci-ba-daɗi. Kaka ta yi, kowa ya fito da hatsi kasuwa lokaci guda don biyan bashi, farashi ya faɗi warwas. Ɗan kasuwa ya saye ya zuba a sito. Watan Yuni manomin nan ya dawo ya sayi hatsin da shi ya noma, da tsadar da ba zai iya ba. A 2005, lokacin da duniya ta cika da hotunan yaran Maraɗi, kasuwanni ba su rasa hatsi ba, kuɗin saye ne mutane suka rasa. Mai albasa a Galmi ya san irin wannan labari da nasa kayan. Daga nan sai ɗan gidan ya ɗauki jaka, Abijan, Kano, Aljeriya, Libiya, wanda ya fi ƙarfin hali ya tsallaka teku. Jamusawa ma sun ɗauki wannan jakar. Tsakanin 1820 da 1920 fiye da mutum miliyan 5 suka bar ƙasar zuwa Amurka, da yawansu daga ƙauyuka irin waɗannan. Ƙasar da yaranmu ke mutuwa a hanyarta, ita ma ƙasar ƴan ci-rani ce a jiya.

Ɗan yayata bai yarda da ni nan take ba, kuma hujjarsa mai ƙarfi ce. Ya ce, "Kawu, ba asusun ƙauye ya gina Jamus ba, masana'antu ne." Gaskiya ne. Ƙarfe da kwal da layin dogo da makarantun sana'a su suka kawo arzikin, kuma kwaltar Weyerbusch ta yau kuɗin haraji ne ya shimfiɗa ta. Ban ce adashe zai kawo mana masana'antar mota ba. Abin da asusun ya yi shi ne ya hana ƙaramin manomi rasa gonarsa kafin arzikin ya iso. Wanda ya riga ya sayar da gona, ko an kawo kwalta ƙofar gidansa sai dai ya zauna ya kalli motocin wasu.

Wani kuma zai ce ai mun gwada. Tun 1962 aka kafa hukumar UNCC don bashi da haɗin gwiwar manoma a Nijar, bayanta aka yi wasu. Masu furoje sun gina bankunan cimaka a ɗaruruwan ƙauyuka. Wasu na aiki har yau, amma kowa ya san ƙauyen da abin da ya rage na bankin shi ne allo mai tsatsa da ɗaki da awaki ke kwana ciki. Ni a ganina wannan bai rushe maganar ba, ƙarfafa ta ya yi. Yawancin waɗannan daga sama aka sauko da su, da kuɗin gwamnati ko na baƙo, kuma kuɗin da ba na kowa ba kowa na ganin halal ne ya ci bai biya ba. Zanen aro ba ya rufe katara. Darasin da Raiffeisen ya kwashe kusan shekara ashirin kafin ya koya ke nan, mu kuma muna ta maimaita ajin.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne muna da namu, muna raina shi. A 1991 aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi tare da ƙungiyar CARE. Mata su taru duk mako, kowace ta zuba ɗan abin da ta iya, su ba junansu bashi, ba sisin kowa daga waje. Tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama a Afirka da Asiya, miliyoyin mutane na amfani da shi, da yawansu ba su ma san daga Maraɗi ya fito ba. Iyayenmu mata da ba su taɓa jin sunan Raiffeisen ba sun kai inda ya kai. A 2016 hukumar UNESCO ta sa tsarin haɗin gwiwa na Jamus cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Mu kuwa ɗan boko idan ya ji asusun mata sai ya yi murmushi.

To ina bambancin yake, da nasu ya zama bankuna masu ƴan ƙungiya fiye da miliyan 17 a yau, namu ya tsaya a gindin bishiya? Abu biyu na gani. Asusun ƙauyukansu sun haɗu sun kafa babban asusu a Neuwied tun shekarun 1870, ta yadda ƙauyen da ke da rara zai tallafi wanda ya gaza. Wannan yana da muhimmanci a wajenmu fiye da wajensu, domin fari idan ya zo gari guda yake kwashewa, kowa na neman bashi rana ɗaya, babu mai zubi. Na biyun shi ne bincike. Dokar ƙungiyoyin haɗin gwiwa ta Jamus ta 1889 ta wajabta wani daga waje ya riƙa zuwa yana duba littafin kuɗi. A nan ne mu muke faɗuwa. A taron ƴan gari ka tashi ka ce a karanta lissafi, sai ma'aji ya ɓata rai ya ce, ba ka yarda da ni ba ke nan? Dattawa su ce ka yi haƙuri, ka ci mutuncin babba. Kunya ta cinye mana asusu fiye da yadda ɓarayi suka ci. Mutumin kirki ba ya tsoron a ƙirga kuɗin da ke hannunsa, shi ma hutu ne gare shi daga zargi.

Akwai maganar ruwa, na sani, domin asusun Raiffeisen da ruwa yake ba da bashi, ko da yake kaɗan ne idan aka gwada da na masu cin gonaki. Wannan ba zai tsayar da mu ba. Malamanmu sun san bashi marar ruwa, sun san saye da sayarwa da riba sananniya, kuma hatsi kaya ne da ake saye a ajiye a sayar. Tsarin ajiye amfanin gona a sito a karɓi kuɗi a kansa har farashi ya tashi ma an daɗe ana yinsa a wasu yankunan Nijar. Abin da ake buƙata shi ne wanda zai sa jarin farko da wanda zai tsare lissafi.

A nan maganata ta dawo kan ƴan uwa da ke waje. Kuɗin da kuke turowa duk wata shi ke riƙe da gidaje da yawa, tukunya da asibiti da suna da biki, babu mai raina wannan. Amma ku duba da kyau, irin ƙungiyar Raiffeisen ta farko ce: mutum ɗaya na bayarwa, goma na jira. Ranar da aiki ya tsaya, ko takarda ta ƙare, ko aure ya zo da nasa nauyi, gidan ya koma inda yake shekara goma baya. Alhali kusan kowane gari yana da ƙungiyar ƴaƴansa a Abijan ko Yamai ko Turai, kuma idan ɗan gari ya rasu a waje, cikin kwana biyu ake tara kuɗin kai gawarsa gida. Masu iya tara miliyoyi don gawa ba za su kasa tara kuɗin buhu ɗari na hatsi a lokacin kaka ba. A saya daga manoman garin da farashin da ba zalunci, a ajiye, a fitar da shi lokacin da rumbu ya ƙare. Sharaɗi kawai, kada ya zama kyautar ƴan Turai. Duk mai son ya amfana ya zuba tiyarsa ya zama mai abu, a karanta lissafi a bainar jama'a, a ɗauki hoton kowane shafi na littafin a tura wa kowa a waya. Kuma idan ana neman wanda zai riƙe makulli, a fara tambayar matan da suka shekara talatin suna riƙe akwatin asusu.

Ba komai na Weyerbusch nake so a kawo mana ba. Kafin mu tafi mun haɗu da wata dattijuwa tana gyaran furanni a gaban gidanta, ita kaɗai ce ta tsaya ta yi magana da mu. Ta tambayi daga ina muke, ta ce ba ta san inda Nijar take ba, ta nemi gafara. Ta ce ƴaƴanta biyu suna birni, sai lokacin Kirsimeti suke zuwa. Gida mai ɗakuna da yawa, ita kaɗai a ciki. Ta riƙe mu da hira har muka kusa rasa mota. Ina jin ɗan yayata na fassara, ina jin kamar muryar mahaifiyata ce take ƙorafin jikokinta.

A wurin jiran bas ya yi shiru yana danna waya. Na ɗauka hotuna yake dubawa, ashe lissafi yake yi na abin da ya tura gida tun da ya fara aiki. Ya nuna mini adadin, ya ce ko ɗaki ɗaya ba zai iya nunawa ya ce ga inda kuɗin ya shiga ba. Can sai ya ce, "Kawu, yanzu nawa ake sayar da tiyar hatsi a garinmu?"

Na ce ban sani ba, ni ma na daɗe a Yamai, ya kira mahaifiyarsa. Ya kira. Ta yi jim, sannan ta tambaye shi ko lafiya yake, domin tun da ya tafi bai taɓa tambayarta kuɗin hatsi ba.